Wutar Inji da Ta Ƙi Mutuwa

Rana ta gama faɗawa bayan katangar maƙwabta, saura ɗan ja-ja kawai a saman tankin ruwa, lokacin da maigidan ya turo hancin motarsa cikin gida. Tsakar gidan ba ta da faɗi. In motar ta shiga, sai mutum ya karkace kafin ya wuce zuwa famfo, igiyar shanya kuma tana gogar rufinta. Ya kashe ta, ya zare makulli ya jefa a aljihu, ya fito yana miƙa irin ta wanda ya wuni yana aiki.

A jikin katin da ya buga wa kansa, Injiniya aka rubuta. A layin 'yan gareji kuwa, inda aka san shi ciki da bai, Kashe-Wuta ake ce masa, kuma ba a bayan idonsa kaɗai ba. Sana'arsa guda ce tak. Akwai 'yar wutar nan mai ruwan ɗorawa, mai siffar inji, da ke kamawa a gaban direba idan mota ta ji wani abu ba daidai ba a jikinta. Bakanike na gaske in ya gan ta, sai ya jona na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ya karanta abin da motar ke kuka da shi, ya gyara, sannan ya goge wutar. Shi Kashe-Wuta yanke ya bi. Ya sayi na'urar, ya haddace inda ake dannawa, ƙasa sau biyu sannan na tsakiya, wuta ta mutu. Rubutun da ke fitowa kafin nan bai taɓa tsayawa ya dube shi ba. Dillalan mota suna ji da shi ƙwarai, domin motar da ya shafa takan yi kwana uku fuskarta fes, kuma kwana uku sun isa a sayar da ita.

Tasa motar ma haka yake yi mata. Kullum da safe, kafin ya kurkure baki, sai ya leƙa ya goge mata wutar. Gidan nasa ma haka. Bangon falo ya tsage, ya rataya kalanda a wurin. Fankar ɗaki ta fara kuka, ya ƙara wa rediyo murya. Autarsa, yarinya 'yar shekara goma sha biyar wadda ita kaɗai ta rage a gabansu bayan yayyenta sun tashi, ta yi mako uku tana dafe gefen cikinta na dama tana cije leɓe. Ya sayo mata ƙwayar kashe ciwo, kati guda, ya ce kwaɗayi ne da rashin son makaranta. Ban san mutumin da ya kai shi tsanar a gaya masa gaskiya ba, ko da ƙarfe ne zai gaya masa.

Autar ce ta fara gani. Tana kwashe shanya a hankali, hannu ɗaya a gefen ciki, sai ta tsaya.

"Baba, ka bar wuta a mota."

"Wace wuta? Ga makulli a aljihuna."

Ya leƙa ta gilashi. Gaban motar baƙi ƙirin, ba ko allura ɗaya da ke motsi, amma 'yar wutar inji tana nan a kunne, ita kaɗai, ba ta ƙiftawa. Ya ja tsaki, ya ɗauko na'urarsa ya jona. Ƙasa, ƙasa, tsakiya. Wutar ta mutu. Ya juya ya yi taku uku, sai inuwarsa ta fito a jikin bango, kewaye da haske mai ruwan ɗorawa.

Sau huɗu yana gogewa tana dawowa. A na biyar ya buɗe bonet, ya sa sifana ya kwance kan batir, ya ajiye wayar gefe. Motar da ba batir gawa ce, yaro ma ya san haka. Wutar ba ta ko girgiza ba. Matarsa, Maman Auta, tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ba ta ce komai ba, domin shekara ashirin da wani abu sun koya mata cewa magana a gidan nan asarar yawu ce. Ya shiga ɗaki ya fito da baƙin salatif, ya yanki ninki uku ya liƙe wutar, ya buga hannuwa.

"Ƙaramar matsala ce ta waya. Ke, kawo abinci."

Ana kiran sallar magariba abu na farko ya faɗo a kan kwanon rufin gidan. Ƙarar ta yi kauri, ba irin ta tsakuwar yara ba. Sai na biyu, sai na uku, suna gangarowa a hankali ta kwarin kwanon suna faɗowa gaban ƙofa. Maman Auta ta sunkuya ta ɗauki ɗaya, ta yar da shi da ihu tana yarfe hannu. Noti ne na mota, mai zafi kamar yanzu aka ciro shi daga garwashi. Iska ta tsaya cak. Kajin maƙwabta da suka saba hayaniyar hawa kwana suka yi tsit. Wani wari ya cika gidan, warin ruwan lagireto idan ya tafasa, ga shi motar ta daɗe da hucewa. Can ƙasa-ƙasa, daga ƙarƙashin bonet, aka ji kukan yaro ƙarami, irin kukan da ya riga ya gaji, mai fita da shessheƙa.

Maigidan ya ce magen maƙwabta ce. Ya shiga falo ya kunna talabijin, ya ƙure murya.

Da duhu ya gama rufawa komai ya ɗauke, kamar an rufe famfo. Haka abin ya kasance kullum. Ba ya zuwa da rana, ba ya kaiwa tsakar dare. Daga faɗuwar rana zuwa shigar duhu ne lokacinsa, kuma ba ya makara. A yamma ta biyu notuna suka zo da tsofaffin fulogi. A ta uku Maman Auta ta buɗe famfo don alwala, ruwan ya fito yana tururi. Salatif ɗin da aka liƙa ya narke ya zubo kamar hawaye, maigidan ya sake liƙa wani. A ta huɗu ya lulluɓe motar gaba ɗaya da tamfol, hasken ya riƙa fitowa ta ƙarƙashi yana kwanciya a kan siminti.

A yamma ta huɗun nan ne abin ya shiga Auta. Tana zaune a bakin gado, ta sanƙame, idanunta suka kafe a kan uban da ke wucewa ta ƙofa. Jikinta ya ɗauki zafin da tsumma mai ruwa ke bushewa a goshinta nan take. Ta buɗe baki, maimakon magana sai wani huci ya fito, dogo, siriri, irin na murfin lagireto in an sassauta shi mota na tafasa. Ta ɗaga babban yatsanta tana danna iska: ƙasa, ƙasa, tsakiya. Sai dariya, dariyar tsohuwa, a bakin yarinyar da ko ɗaga murya ba ta iya ba.

"Baban Auta, don girman Allah ka zo ka ga yarinyar nan," in ji uwar.

Ya tsaya daga bakin ƙofa, bai shiga ba. "Zazzaɓi ne. Ki ba ta ƙwaya biyu maimakon ɗaya. Kuma ki rufe taga, kada maƙwabta su ji su ɗauka wani abu ne."

Abin da ya dame shi ke nan, kada a ji. Tsoro kam ya ji shi, don an ga ƙafar wandonsa tana kaɗawa, amma tsoron nasa ma salatif ya liƙa masa.

Kwana biyu aka ƙara a haka. A rana ta shida Maman Auta ta yafa mayafinta, ta fita ba ta nemi izinin kowa ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta dawo bayan la'asar tare da wani malami mai ruƙiyya, dattijo siriri mai farin gemu, wanda ba ya gaggawar magana. Da ƙafa ya zo, ƙura har idon sawu. Ya yi sallama, ya tsaya a tsakar gida, ya daɗe yana kallon tamfol ɗin. Sannan ya dubi maigidan, kallo ɗaya, ya kau da kai.

"Allah gafarta Malam, ai da ba a wahalar da kai ba," in ji maigidan yana murmushin dole. "Mata ne da ruɗewa. 'Yar matsalar waya ce a mota, yarinya kuma zazzaɓi."

"To," in ji Malam. "A yaye tamfol ɗin. A cire abin da aka liƙa. A shimfiɗa tabarma nan kusa da motar, a fito da yarinyar."

Aka yi yadda ya ce. Uwar ta zauna ta rungume Auta ta baya. Malam ya durƙusa a gabansu da kofin ruwa, ya jira. Inuwar katanga ta rarrafo ta cinye tsakar gidan kaɗan-kaɗan, har ta hau tayoyin motar. Ba wanda ya yi tari. Da jan ƙarshe ya bar saman tanki, wutar ta kama, noti na farko ya faɗo a kan kwano, Malam ya fara karatu.

Karatunsa ba na ihu ba ne. A hankali yake ja, yana maimaita ayoyin, yana tofawa a ruwan yana yayyafa wa yarinyar. Auta ta fara murɗewa. Hucin ya fito, ya yi ƙarfi, ya tsinke. Sai ta miƙe zaune sambal, ta harɗe ƙafafu irin zaman manyan mata, ta dubi Malam da idanun da ba nata ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, ni kuwa na ga ƙuna ta ishe ni."

"Wace ce ke?"

"Uwa ce. Kamar wannan da ke riƙe da ni."

"Musulma ce ke?"

"Na fi mai gidan nan tsoron Allah, in abin da kake tambaya ke nan."

"To me ya kai ki jikin yarinyar da ba ta yi miki komai ba?"

Kan Auta ya juya a hankali, ya tsaya a kan uban, wanda ya manne da bango kusa da famfo. Muryar ta yi sanyi, sanyin da ya fi ihu ban tsoro.

"Akwai wata bishiya a bakin babbar hanya, bayan gada. Nan muke zaune tun ba a yi hanyar ba. Kwana goma sha biyu da suka wuce, daidai wannan lokaci, ɗana yana wasa a gindinta. Wata jar mota ta sauka daga kan titi tana hayaƙi, ta tsaya a kansa. Direban ya buɗe gaba, murfi ya yi tsalle, tafasasshen ruwa ya kwarara. Ɗana yana kwance yanzu, fatar bayansa ta saluɓe. Kukansa kuke ji."

Maman Auta ta runtse ido, ta ce, "Innalillahi."

"Direban na fara bi," in ji muryar. "Na kwana uku a kansa, na tarar bawan Allah bai san komai ba. Kwanansa biyu da sayen motar. Sai na koma na tambayi motar."

"Mota tana magana?" in ji Malam.

"Tana yi mana. Ku ne ba kwa ji. Ta ce fankar da ke sanyaya ta ta mutu tun tuni. Ta ce sau uku tana kunna wuta tana faɗa, sau uku wani mai babban yatsa yana zuwa yana toshe mata baki. Na bi warin yatsan, ga ni."

Maigidan ya buɗe baki. "Ni ai aikina aka ba ni. Dillali ne ya ce..."

"Rufe mana baki, Kashe-Wuta."

Jin sunan a bakin 'yarsa ya sa ya sulale ya zauna a kan bokiti.

"Malam, ina farar motarka?" in ji aljanar. "Wadda ka saya bara, injinta ya buga a sati na biyu? Ka san yatsan da ya shafe ta, tun shigowarka ka gane shi."

"Ba maganarta na zo yi ba," in ji Malam, ko gira bai ɗaga ba. "An zalunce ki, na ji. Amma yarinyar nan ba ta danna komai ba. Kin rama zalunci da zalunci, kuma Allah zai tambaye ki. Ki fita."

"Ɗa aka taɓa mini. 'Ya zan ɗauka."

"Ba za ki ɗauke ta ba."

Ya ci gaba da karatu, wannan karon da ƙarfi. Notuna suka zubo a kan kwano kamar ƙanƙara. Auta ta yi ƙara, ta gantsare, uwar ta ƙanƙame ta tana kuka. Hon ɗin motar da ba batir ya ɗauka, dogo, har karnukan layin suka amsa. Malam bai tsaya ba sai da muryar ta ce, "Tsaya! Tsaya mu yi magana."

Ya tsaya.

"To a ba ni yatsan," in ji aljanar. "Babban, na dama. In shanye shi ya bushe, in tafi."

Maigidan ya cusa hannunsa a hammata. Ya dubi matarsa, yana jiran ta roƙa masa. Maman Auta ta dubi siminti, ba ta ce a ba da ba, ba ta kuma ce a hana ba.

"Ba ni da ikon ba ki naman kowa," in ji Malam. "Nemi abin da ba cuta a ciki."

Aljanar ta yi dariya, gajeriya, mai ɗaci. "Ka san abin da ya fi ba ni haushi, Malam? Na shiga yarinyar nan don in ƙona masa zuciya yadda tawa ta ƙone. Yamma uku ina murɗe ta a gabansa. Me ya yi? Ya ƙara wa talabijin murya. Na laluba mutumin nan sama da ƙasa, ban sami inda ake jin ciwo a jikinsa ba. Wahalar banza na yi, uwar kawai na azabtar, ita kuwa ba ta ci mini komai ba." Ta ja numfashi. "Ya ɗauko abin dannawar tasa. Ya jona a motarsa. Ya karanta abin da ta ce, da ƙarfi, kowa ya ji. Sau ɗaya a rayuwarsa."

Malam ya dube shi. "Ka ji."

Ya tashi, ya mayar da kan batir, ya jona na'urar. Yatsan ya tafi da kansa zai danna ƙasa, sai da Malam ya yi gyaran murya. Ya ƙura wa rubutun ido. Shekara bakwai yana cin abinci da na'urar nan, amma ya tsaya yana haɗa baƙaƙe kamar ɗan aji ɗaya. Da ƙyar ya gano abin da take nufi.

"Wai... famfon mai ne. Ba ya tura mai yadda ya kamata. Ya kusa mutuwa."

"Tun yaushe take faɗa?" in ji aljanar.



"Wata tara," in ji Maman Auta, ba ta ɗago kai ba.

"To ga sharaɗina. Wutar nan ba zai goge ta ba sai ya gyara abin da ta faɗa. Tasa, da ta duk motar da aka kawo masa. Ya rantse."

Ya rantse. Ya rantse da sauri, har da abin da ba a tambaye shi ba, irin rantsuwar wanda ya saba yi wa masu sayen mota.

"Saura ke," in ji Malam. "Ki yi alkawari ba za ki dawo ba, ba kuma za ki aiko wani ba."

"Na yi. Ɗana na jirana, me zan zauna in yi a gidan nan?" Sai kan Auta ya juya baya, muryar ta sauko, ta zama ta mace da mace. "Ke, baiwar Allah. Ki saurare ni, don ke kina ji. Da na shiga 'yarki na tarar da wani abu ya riga ni. A nan, gefen dama, ƙasa. Ba nawa ba ne, ba na kowane aljani ba ne, karatu ba ya fitar da shi. Ya kumbura, ya kusa fashewa. Mako uku tana gaya masa. In na fita zafina zai tafi, wannan zai zauna. Ki kai ta wurin likita."

Auta ta yi atishawa sau uku, ta yi laushi a jikin uwarta. Warin ya washe. Wata iska mai sanyi ta ratsa tsakar gidan, ta kaɗa igiyar shanya, ta haura katanga. Wutar motar ta mutu, kamar ta kowace mota da ba makulli a jikinta. Can sai kajin maƙwabta suka fara motsi.

"Mama, ruwa," in ji Auta da muryarta ta gaskiya.

Malam ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwoyinsa. Maigidan ya biyo shi yana godiya yana laluben aljihu, Malam ya ɗaga masa hannu. "Nawa ya ƙare. Aljani yakan yi ƙarya, amma wannan ban ji ƙarya a bakinta ba. Ku kai yarinyar asibiti yau, kada ku kwana." Ya fita da ƙafa, yadda ya zo.

Ƙofa na rufuwa maigidan ya fara komawa halinsa na da. Ya ce dare ya yi, likitocin kirki sun tashi, da safe za a je. Ya ce ga ta nan ma ta sha shayi har ta yi murmushi. Maman Auta ta roƙa, ta sake roƙo, ya ce ta cika naci. Ta haƙura, kuma wannan haƙurin ta daɗe ba ta yafe wa kanta shi ba.

Da safe ya fito, ya waiga dama da hagu, ya shiga mota ya murza makulli. Wutar ta kama, irin kamun da ta saba yi. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya jawo na'urar daga ƙarƙashin kujera. Ƙasa, ƙasa, tsakiya. Ta mutu, ba ta dawo ba. Ya jira, bai ji noti ba, bai ji huci ba. Murmushi ya cika masa fuska, na mutumin da ya ci aljana da wayo. Ya leƙa ɗaki ya ce dillali na jiransa da motoci biyu, yanzu zai dawo a tafi asibitin.

Rana ta take tsaka lokacin da matar ta kira shi a waya, ba ta iya haɗa magana, ihun Auta kawai yake ji a bayanta. Ya zo, a gaskiya ya zo da gudu. Suka kwantar da yarinyar a kujerar baya, kanta a cinyar uwar, cikinta ya yi tauri kamar katako, leɓunanta sun yi fari. Ya taka mota. Sun wuce kasuwa, sun wuce gidan mai, sun fara hawan gada, sai motar ta yi tari. Ta sake yi. Ya taka totur har ƙasa, ba ta amsa ba. Ta gangara gefe a hankali ta tsaya, 'yar wutar ta kama a gabansa.

Ya murza makulli, ya sake murzawa, yana cewa, "Yanzu za ta tashi, yanzun nan." Maman Auta ba ta tsaya jin sauran ba. Ta buɗe ƙofa, ta goya yarinya 'yar shekara goma sha biyar a bayanta, ta shiga tsakiyar titi ta tsaya, mayafi ya faɗi ba ta waiga ba. Wata motar burodi ta ci birki a gabanta. Direban ya dube su sau ɗaya, ya buɗe ƙofa.

Shi sai bayan la'asar ya isa asibitin, da ƙafa, riga jiƙe da gumi. An riga an yi aikin. Likitar, wata mace mai gajiya a fuska, ta tare shi a baranda ta ce abin ya fashe a ciki, da an ƙara awa ɗaya da ba wannan maganar ake yi ba. Ta tambaye shi tun yaushe yarinyar ke kukan ciki. Ya ce ai yaran yanzu ba sa faɗar abu. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta wuce.

Auta tana kwance, roba a hanci, roba a hannu, tana numfashi a hankali. Uwar na zaune a gefen gadon, ƙafafunta ba takalmi. Ba ta ɗago ba da ya shigo. Ya tsaya yana murza hula. A saman gadon akwai wata na'ura mai zana layuka. Can sai ta fara ƙara, ɗil, ɗil, ɗil, wata 'yar wuta mai ruwan ɗorawa tana ƙiftawa a kusurwarta. Ƙarar ta cika ɗakin, mutanen gadon kusa suka fara waigowa.

Shi kansa bai san lokacin da hannunsa ya tashi ba. Babban yatsan ya miƙe, yana laluben maɓalli.

Maman Auta ta cafke wuyan hannun. Riƙon ya yi ƙarfin da sai da ya ji ƙashinsa ya motsa. Ta ɗago ta dube shi, ido cikin ido, abin da ba ta yi ba tun ranar da aka kawo ta gidansa.

"Taɓa ka gani," ta ce.

Sannan ta juya wajen ƙofa, ba ta saki hannun ba, ta ɗaga murya yadda duk barandar za ta ji: "Nas! A zo a duba, wuta ta kama!"